Deinococcus ko Rubrobacter, wanne za ka saya?

Ƙanina, ka tambaye ni wace ƙwayar bakteriya za ka saya don bincikenka tsakanin Deinococcus da Rubrobacter. Tunda inkubetar lab ɗinku tana kai digiri 50, kuma wanda yake jure zafi da radiyeshin kake nema, ɗauki Deinococcus geothermalis kawai ka huta.

Shi muka yi oda daga DSMZ, cibiyar ajiyar ƙwayoyin halitta ta Jamus, lokacin ina masta, ya zo a bushe cikin 'yar mitsitsiyar kwalba kamar ba komai a ciki, muka jiƙa shi muka shafa a farantin TGY, wato abincin da ake renonsa a kai, wallahi ba a jima ba sai ga shi ya fito ɗigo-ɗigo launin lemo mai ratsin ja, sufabaizana har hoto ya ɗauka. Akwai hutun da aka ɗauke wuta janareta ma ya ƙi tashi, farantan suka bushe har suka tsage, abokan aikina masu E. coli suna ta salati, ni kuwa na kankaro kaɗan na sake shafawa ya tashi abinsa. Haka ma a ƙarƙashin fitilar UV, na kowa ya mutu nawa yana nan daram.

A 1997 aka bayyana geothermalis, daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Agnano kusa da Naples a Italiya da kuma Fotugal, ya fi son digiri 45 zuwa 50. Kar ka haɗa shi da yayansa radiodurans wanda kowa ya sani, shi an gano shi tun 1956 a Oregon ta Amurka cikin naman gwangwani da aka haska wa gamma amma duk da haka ya ruɓe, yana shanye Gray 5,000 (ma'aunin radiyeshin) alhali 5 kacal na iya kashe mutum, sai dai shi ba ɗan zafi ba ne, wajen digiri 30 yake so. Dukkansu 'yan rukunin Deinococcota ne, gida ɗaya da Thermus aquaticus mai Taq, enzayim ɗin da muke PCR (ninka DNA) da shi. Kuma ka shirya ma wannan tambayar ranar difens: in ka yi wa Deinococcus rinin Gram, wato gwajin da ke raba bakteriya gida biyu, zai fito fozitif, amma yana da fatar waje irin ta 'yan negatif, malamai suna son kama yara a nan.

Rubrobacter kam ba zan ce ba ya jurewa ba, yana jurewa sosai, ɗan rukunin Actinomycetota ne mai siffar sanda, akwai nau'in radiotolerans daga ruwan zafin Misasa na Japan, nau'in xylanophilus kuma yana kai har digiri 60. Amma a hannuna jinkiri ya yi ta yi wajen fitowa, kuma takardun da za ka karanta a kansa ba yawa, babi na biyu zai ba ka wuya.

Sai maganar dillalai, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu yawo da faranti mai ɗigon ja su ce maka Deinococcus ne a rabin kuɗi, alhali wata bakteriya ce daban mai suna Kocuria rosea ko yis ɗin Rhodotorula da iska ta jefo, ido ba ya bambancewa. Duk wanda ba zai nuna maka takardar cibiyar da ya sayo da lambar irin ba, kar ka tura masa ko sisi. Lambar da za ka nema DSM 11300 ce, kuma ko ya iso ka ware kuɗin gwajin 16S, na DNA da ke tabbatar da irin, kafin ka fara komai.