Hattara da masu toshe bakin giyabos kafin su sayar maka da mota

Jama'a, duk mai shirin sayen mota ta hannu mai giyar manuwal ya tsaya ya karanta wannan, don ni an riga an yi mini.

Dabarar ba wuya. Giyabos ya fara kuka, sai mai motar ya juye man da ke ciki ya ɗura mai kauri, irin 85W-140 a inda kamfani ya ce a zuba 75W-90 ko wanda ya fi shi tsinkewa. Wasu har giris suke haɗawa. Kaurin man yana danne ƙarar na ɗan lokaci, amma boris ɗin da ya cinye yana nan yadda yake. Ni na iske motar an riga an tayar da ita ta yi zafi, rediyo na ta tashi, dillali kuma bakinsa bai huta ba. Na zaga sau ɗaya na biya. Ba a rufe sati biyu ba giya ta biyu ta fara gurza kamar ana niƙa tsakuwa.

Saboda haka ka ce a bar maka ita a sanyaye, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar. Mai mai kauri yana tona kansa da safe, domin giya takan yi tauri har sai ta ɗumama. Ka kashe rediyo, ka bar ta a firi ka saurara. Idan kana jin ƙara, da ka taka kuloci ta ɗauke, yawanci boris ɗin cikin giyabos ne, aikin kuma babba ne. Idan sai ka taka kuloci ƙarar ke fitowa, boris ɗin kuloci ne, wannan da sauƙi.

Taurin giya ma kala-kala ne. In tana shiga sumul inji a kashe amma ta ƙi idan an tayar, kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. In giya ɗaya ce kawai ke gurza, zoben tagullar da ke daidaita gudunta ne ya ƙare. A kan hanya ka ɗaga ƙafa daga totur kwatsam a kowace giya, ka ga ko za ta fice da kanta. Kukan ribas kuwa kada ya tsorata ka, a yawancin motoci haƙoransa miƙaƙƙu ne, haka yake kuka tun yana sabo.

Kafin kuɗi su bar hannunka, bakanikenka (naka, ba wanda dillali ya kawo ba) ya kwance noti ya ɗibi man. Ɗan laushin garin ƙarfe ba komai ba ne. Ɓarɓashi manya ko ƙyallin tagulla, wannan giyabos ya gama yawo. Nawa dillalin da na roƙi a duba man cewa ya yi jiya aka canza shi, kuma wallahi bai yi ƙarya ba.