Sharhi: ƙunshin sulallan Rumawa da ake sayarwa da ƙasa a jikinsu

Tallar ta ce wataƙila mutum ya dace da azurfa a ciki. Kada ka sa rai. Sulallan nan sun bi hannun dillalai da dama kafin su iso gare ka, mai kyau an riga an tsince shi. Abin da ya zo mini tagulla ce zalla, ƙanana kamar maɓallin riga, ƙasa ta yi musu ɓawo.

A tataccen ruwa na jiƙa su, ina sauyawa, ina gogawa da tsohon buroshin haƙori, sannan in bi tsakanin haruffa da tsinken sakace. Aikin makonni ne. Wasu da man zaitun suke jiƙawa, sai dai yana duhunta sulen. Lemon tsami kuwa kada ma ka fara, zai cinye koriyar fatar nan mai santsi, alhali ita ake so.

Daɗin abin yana wajen karatu. Ɗaya ya fito tas: soja ya ɗaga mashi zai soke mahayin da dokinsa ya durƙushe, kewaye da su an rubuta FEL TEMP REPARATIO. Na sarki Kustantiyus na biyu ne, an fara buga irinsa a shekarar 348 miladiyya. A can ƙasa akwai ALE, wato a Iskandariya ta Masar aka buga shi. Haruffan ƙasan nan su za ka fara nema: SIS na Siskiya ne, garin Sisak na Kuroshiya a yau, CONS kuma Kustantiniyya, Istanbul ta yau.

Masu ba da wahala su ne na sojoji biyu tsaye da tuta a tsakaninsu. Idan tuta biyu ce, daga 330 zuwa wajen 335 ne; idan ɗaya ce, bayan nan. To amma na wa? Sarki Kustantin, uban Kustantiyus, da 'ya'yansa duk sun buga, fuskokin kuma kusan iri ɗaya. CONSTANTINVS da CONSTANTIVS harafi guda ya raba su, kuma sau da yawa daidai wurin ne ya goge. Idan ka hango IVN bayan CONSTANTINVS, ɗan ne mai sunan uban, ba uban ba. Rumbun sulallan Rumawa na intanet mai suna OCRE, kyauta ne, ya taimaka mini wajen kwatanta hotuna.

Kusan rabin ƙunshin ya suɗe, ba fuska ba rubutu. Guda ya zo da koren gari mai haske da ke zuba in an taɓa. Ciwon tagulla ke nan, tsatsar da ke cin sule, na ware shi. Abin da ya fi ɓata mini rai, mai sayarwar ya ƙi faɗin inda aka tono su, ga shi Turkiyya da Masar sun haramta fitar da irin waɗannan kaya.

Mai haƙuri da ke son koyon karanta sule ya saya. Mai son abin ajiyewa gara ya haɗa kuɗin ya sayi guda ɗaya wankakke, wanda aka san asalinsa.