Kafson "Adrenal Support" da gwajin miyau: me ake saya a zahiri?

A haɗe aka fi sayar da su a intanet: kwalbar kafso 60 ko 90 da aka rubuta wa "Adrenal Support" ko wani suna makamancinsa, sai ƙaramin akwatin gwajin miyau. Tallarsu ɗaya ce. Wai damuwa mai tsawo ta gajiyar da ƙullutayen adirenal guda biyu da ke saman ƙoda, har sun kasa fitar da isasshen kotisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure damuwa, shi ya sa mutum yake tashi da safe kamar bai kwanta ba.

Gajiyar gaskiya ce, ba wanda ke musu. Bayanin da aka liƙa mata ne bai da tushe. Wani mai suna James Wilson ne ya ƙirƙiro sunan "gajiyar adirenal" a 1998, kuma har yau ƙungiyar likitocin homon ta Endocrine Society ba ta ɗauke ta a matsayin cuta ba. A 2016 masu bincike biyu daga Brazil, Cadegiani da Kater, sun tattara nazari 58, suka kuma kammala da cewa babu hujjar da ta tabbatar da wanzuwarta.

Gwajin tukuna. Ana tofa miyau a ƙananan bututu huɗu: da tashi daga barci, da rana, da yamma, da dab da kwanciya, sannan a aika ɗakin gwaji. Kotisol dama haka yake, yana kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Jinkirin rabin awa wajen tofa na farko, ko ɗan jinin dasashi bayan goge baki, ko aikin dare, ko man shafawa mai sitiroyid a hannu, kowanne ya isa ya karkatar da sakamakon. Likitoci suna amfani da miyau, amma na dare, don gano kotisol da ya yi yawa a cutar da ake kira Cushing. Layin da sakamakon zai zana maka ya ce kana "mataki na biyu" na gajiyar adirenal ba ya gaya maka komai.

Kwalbar ce ta fi ba mu tsoro. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani neman amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA kafin ya sayar da irin waɗannan kayan ba. A 2018 mujallar Mayo Clinic Proceedings ta buga binciken da aka yi wa iri 12 daga cikinsu: duka 12 ɗin an sami ɗan homon ɗin ƙullutun maƙogwaro (tayirod) mai suna T3 a ciki, yawancinsu kuma da aƙalla sitiroyid ɗaya. Nan matsalar take. Wanda ya sha sitiroyid zai ji ƙarfi a 'yan kwanakin farko, ya ɗauka an dace. Amma idan jiki ya yi makonni yana samun sa daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta rage umarnin da take ba adirenal, su kuwa su yi sanyi da gaske. Ranar da aka daina sha kwatsam, awon jini na iya faɗuwa ƙasa, amai ya biyo baya. Wato an je neman ƙiba an samo rama.

Ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar ma sai an karanta a tsanake. Saiwar likoris tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotashiyam, don haka mai hawan jini ko mai shan maganin fitsari ya nisance ta. Tsiron ashwaganda ce kaɗai za a ɗan yaba: ƙananan gwaje-gwaje da miligiram 300 zuwa 600 a rana na kimanin mako 8 sun nuna tana rage jin damuwa. Sai dai an samu waɗanda ta taɓa musu hanta, ba ta dace da mai juna biyu ba, kuma Denmark ta hana sayar da ita a 2023. Bitamin B6 mai yawa, idan aka daɗe ana sha, yana kawo mutuwar yatsu da jin tsira-tsira a ƙafa. Idan ka ga an rubuta garin adirenal na saniya, ko "haɗin musamman" ba tare da adadin kowane abu ba, mayar da kwalbar inda ka ɗauko ta.

Kuɗin ya fi amfani a asibiti. A auna yawan jini da ƙarfen da ke ajiye a jiki, da tayirod, da sukari, a kuma tambayi batun minshari mai yanke numfashi da ciwon damuwa, domin su ne suka fi ɓuya a bayan irin wannan gajiya. Mai shan bitamin bayotin ya dakata da shi kwana 2 zuwa 3 kafin gwajin tayirod, domin yana ruɗa sakamako. Idan akwai rama, da duhun fata da na dasashi, da jiri lokacin miƙewa, da kwaɗayin gishiri, to a nemi cutar Addison, wadda ita ce ainihin gazawar adirenal: a ɗebi jini a auna kotisol wajen ƙarfe 8 zuwa 9 na safe, in da shakka a yi allurar ACTH, homon da ke zaburar da adirenal, a sake aunawa bayan minti 30 ko 60.

Idan duk sun fito lafiya, sauran aikin ba a kwalba yake ba. Barcin awa 7 zuwa 9, a riƙa tashi lokaci ɗaya kullum har ranar hutu. Kofi ya tsaya da azahar, tunda rabin sinadarinsa yana nan a jini bayan kamar awa 5. Motsa jiki minti 150 a mako, amma wanda ya galabaita ya fara da tafiyar minti 10, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Masu farawa da ƙarfi su ne ke kwanciya a mako na biyu.

Wanda ya riga ya yi fiye da mako 3 yana shan kafson kada ya yanke shi lokaci guda. Ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita ya duba, a tsara yadda zai rage.