Crucial MX500 a ƙaramar sabar gida: yana maganin nauyi, amma ba kowane iri ba

Ƙaramar sabar gida, irin tsohuwar Dell OptiPlex da ake ɗora wa Debian ko Ubuntu don ajiye hotuna, takardun shago da Nextcloud (manhajar ajiya da raba fayiloli), ba kasafai furosesa ke sa ta nauyi ba. Yawanci diski mai juyi ne. Dole allurarsa ta bi kowane guntun fayil zuwa inda yake, shi ya sa ko mai juyi 7,200 a minti da ƙyar yake wuce aiki 100 a daƙiƙa idan fayilolin ƙanana ne kuma a warwatse. MX500 kuwa SSD ne, wato diski marar juyi, mai inci 2.5 da ake jonawa a SATA, mahaɗin diski na cikin kwamfuta, kamfanin ya rubuta masa har aiki 95,000 a daƙiƙa wajen karatu, da MB 560 idan fayil babba ne. A gida ba za ka ga wannan adadi ba, amma bambancin sai makaho.

Kafin ka fitar da ko jaka ɗaya, ka tabbatar da inda ciwon yake. Sa kunshin sysstat, ka buga iostat -x 2 a lokacin da sabar ke nauyin. Idan %util, ma'aunin yawan aikin diski, na manne kusa da 100, jiran kowane aiki kuma ya kai gomman milisakan, to diskin ne. Daga nan sai smartctl -a /dev/sda, mai nuna lafiyar diski a jerin lambobi. Lamba 5 da 197 idan suna hawa, diskin mutuwa yake yi, ka kwashe kayanka tukuna. Idan 199 ce kaɗai ke hawa, wayar SATA ce ta lalace ko ta saki, kuma sabuwar waya ta isa.

Abin da ya sa na fi son MX500 a kan ƙaninsa BX500 shi ne yana da DRAM nasa, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, inda yake riƙe taswirar bayanai. BX500 ba shi da shi, don haka yake sanyi idan rumbun bayanai na yawan rubuta ƙananan abubuwa. Na TB 1 an ba shi jimillar rubutu TB 360, na GB 500 kuma TB 180. Wannan ya fi ƙarfin aikin gida nesa ba kusa ba.

Sawa ba wuya: ka duba a BIOS, saitin farko na kwamfuta, cewa SATA yana kan AHCI, ka kwafi tsarin da manhajar Clonezilla ko ka girka sabo, sannan ka kunna systemctl enable --now fstrim.timer don a riƙa share gurbin da aka goge kowane mako. Kada ka cika shi maƙil, bar masa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Tsarin aiki da rumbun bayanai su zauna a kansa, finafinai da manyan ajiya su tsaya a diski mai juyi, amma ka nemi na CMR, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna. Na SMR, masu layuka a kan juna, irin waɗanda aka gano a cikin WD Red a 2020, suna durƙushewa idan rubutu ya daɗe.

Akwai abin da ba zai gyara ba. Idan hanyar sadarwar gidanka ta megabit 100 ce, kwafi ba zai wuce MB 12 a daƙiƙa ba, gigabit ma iyakarsa wajen 115. Idan ka sa shi a akwatin USB 2.0, ka ɗaure shi a ƙasa da 40.

Sai batun masu zama a Yamai. Kariyar ɗaukewar wuta da ke cikin MX500 tana kare abin da aka riga aka rubuta ne kawai, ba wanda ke kan hanya ba, don haka ondular, na'urar batir mai riƙe wuta, dole ce a garin da kuran ke ɗaukewa. Zafi kuma, iyakarsa digiri 70, kuma cikin Afrilu da Mayu akwatin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka ba ya da nisa da nan. A buɗe a hure shi kafin bazara.

Jabu ma suna yawo a kasuwa. Ka roƙi mai shago ya bari a jona shi a gabanka, ka ga smartctl ya nuna sunan CT1000MX500SSD1, idan na TB 1 ne, da awannin aikinsa, domin tsoho da aka sake liƙa wa takarda a nan yake tonuwa.