Sharhi: tsarin sauraro a kan annabawa da magadansu

Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na majami'armu ya ɗauki batun annabawa a bana, shi ya sa na sauke wata manhaja ta Hausa mai karanta nassi da murya, na bi tsarin da ta shirya a kan yadda annabci ke wucewa daga hannu zuwa hannu a Tsohon Alkawari.

Abin da ya fi burge ni shi ne jerin ayoyin. An fara da Littafin Ƙidaya sura 27, inda Musa ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban Ele'azara firist da dukan jama'a. Daga nan sai Maimaitawar Shari'a 34, wadda ta ce ba a sake yin annabi kamar Musa a Isra'ila ba. Jin su a jere ya nuna mini cewa jagoranci Joshuwa ya karɓa, matsayin Musa kuwa bai gādu ba.

Labarin Iliya da Elisha nan ne mai karatun ya nuna gwaninta. Ya sassauta murya a daidai inda Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa da shanu, ya yafa masa alkyabba ya wuce abinsa. A 2 Sarakuna 2 kuma, sa'ad da Elisha ya roƙi rabo biyu na ruhun maigidansa, ɗan bayanin da aka saka a ƙasa ya haɗa roƙon da rabon ɗan fari a Maimaitawar Shari'a 21:17. Ashe gādon babban ɗa yake nema, shi da ba ɗan cikinsa ba. Ko a nan ma Iliya bai yi alkawari kai tsaye ba, cewa ya yi Elisha ya roƙi abu mai wuya. Mu da muka saba ganin sarauta na zagayawa a gida ɗaya, wannan ya isa a tsaya a yi tunani.

Inda tsarin ya gaza: ya tsallake waɗanda gādon ya kuɓuce musu. Babu Gehazi, baran Elisha, da ya bi Na'aman, kuturun da Elisha ya warkar, don azurfa ya ƙare da kuturta. Babu 'ya'yan Sama'ila, Yowel da Abaija, masu karɓar rashawa a Biyer-sheba. Amos ma da ya ce shi ba annabi ba ne, ba kuma ɗan annabi ba, ba a taɓo shi ba. Ba tare da su ba, mai sauraro zai ɗauka duk na kusa da annabi magaji ne, alhali nassin bai faɗi haka ba.

Kiɗan da ke bayan muryar yakan yi ƙarfi a wasu surori, kuma ba a iya tsallakawa zuwa aya, sai dai a ja sautin da yatsa ana laluɓe. Amma idan ka sauke sura, tana aiki ko babu data. Malaman aji za su amfana, muddin sun ƙara 2 Sarakuna 5 (labarin Gehazi) da 1 Sama'ila 8 (labarin 'ya'yan Sama'ila) da kansu.