Neman gidan haya a birni: a je a dawo rana ɗaya, ko a kwana biyu?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. An yi masa canjin wurin aiki zuwa birni, tafiyar awa 4 a mota daga inda yake, kuma zai je neman gidan haya. Ya yi sammako ya dawo a ranar, ko ya kama masauki ya kwana biyu?

Ɗan'uwa, fara da lissafin lokaci. Idan ka tashi ƙarfe 6 na safe, za ka shiga gari ƙarfe 10. Domin kada dare ya yi maka a hanya, dole ka juyo kafin ƙarfe 3, wato awa 5 ke hannunka. Kowane gida yana cin kusan minti 30 in za a duba shi da kyau, zirga-zirga tsakanin gida da gida ta ci wasu 30. A takarda gida 5 ke nan, amma a zahiri da wuya ka wuce 3, domin dillali zai makara, ko a isa ƙofa a tarar mai makulli ya fita. Bayan haka kuma ga tuƙin awa 4 yana jiranka da gajiya a jiki.

Amfanin tafiyar rana ɗaya a fili yake: babu kuɗin masauki, kuma aikinka bai tsaya ba. Matsalarta ita ce duk gidan da za ka gani, da tsakar rana za ka gan shi, lokacin da unguwa ta yi tsit, titi ya yi sauƙi, maƙwabta sun fita. Sannan gaggawa tana raunana ciniki. Dillalin da ya san yau za ka koma zai ce maka akwai wani da ke zuwa da kuɗi da yamma, kai kuma kana tuna nisan hanya, sai ka ajiye kafin alƙalami a kan gidan da ko famfonsa ba ka murɗa ba.

Kwana biyu ya fi tsada, amma dubi abin da kake samu. Ranar farko ka zagaya gidajen ka ware 2 da suka kwanta maka. Da magariba ka koma unguwar kai kaɗai, ka ga ko layin yana da haske, ka saurari ƙarar janareta da hayaniyar wuraren da ba sa buɗewa sai dare. Washegari ƙarfe 7 ka tuƙa daga ƙofar gidan zuwa wurin aikinka, kana kallon agogo. Hanyar da ta ɗauke ka minti 15 jiya da rana tana iya cin awa guda a cunkoson safe, kuma wannan hanyar za ka riƙa bi kullum har wa'adin haya ya ƙare. Wannan gwajin kaɗai ya biya kuɗin masaukin.

Zuwa na biyu ne ake duba gida a tsanake. Buɗe famfon banɗaki da na kicin lokaci ɗaya. Idan ruwan ya koma ɗiga, musamman a bene, tankin ya yi ƙasa ko bututun ya toshe. Tambayi inda ruwan ke fitowa da wanda ke biyan kuɗin turo shi sama. Zo da cajar waya ka gwada kowane soket. Duba mita: taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, kuma akwai bashin tsohon ɗan haya a kanta? Haska silin da tocila, zobe mai launin ruwan ƙasa a jikinsa alamar yoyo ne. Shafa ƙasan bango da tafin hannu: fentin da ya kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari-gari kamar gishiri, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma sabon fenti wata kaɗan yake ɓoye shi. Idan da rani ka je, dubi katangar waje ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwantawa, ka kuma tambayi maƙwabci, ba dillali ba, yadda layin yake da damina. Shiga ɗakin kwana ka rufe ƙofa ka yi kira, ka ji ko akwai sabis. Auna gadonka da firij tun daga gida, ka zo da tef ka auna ƙofa da kwanar matakala.

Kowacce ka zaɓa, shirin mota ɗaya ne: iskar taya har da safaya, jak, baƙin mai, ruwan lagireto, birki da fitilu, sannan hutun minti 15 bayan kowace awa 2. Tsayar da lokaci da dillalai tun kwana 2 kafin tafiya, ka jera gidajen unguwa-unguwa don kada ka yi ta ratsa gari. Je a ranar aiki, domin ƙarshen mako ba ya nuna cunkoso. A kowane gida fara da hoton ƙofar waje, in ba haka ba da dare hotunan za su cakuɗe maka.

A tafiyar awa 4, shawararmu ka kwana. Rana ɗaya tana yi ne idan nisan bai wuce awa 2 ba, ko kana da amintacce a garin da zai koma maka da dare da safe. Idan dole ce ta sa, to ka je gani kawai, kada ka biya ko sisi a ranar. Biya sai ka haɗu da mai gidan ko wakilinsa da ka tabbatar, an rubuta yarjejeniya mai nuna kuɗin haya, la'adar dillali, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, da wanda gyara ke kansa, ka kuma karɓi rasit mai sa hannu da kwanan wata.