Inji biyu na binne a Jamus kafin a nuna mini abin da ke cin su

Ranar da wani bakanike Bajamushe ya tsoma yatsa cikin baƙin man motata ya ɗago shi a hasken fitila, na so ƙasa ta tsage in shige. Man sai ƙyalƙyali yake yi kamar kwalliyar amarya. Ya ce, "Ka ga wannan? Injinka ne ya zama gari." Sannan ya jefo mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba tun da na fara tuƙi a Kano: "Injin farkon, me ya kashe shi?" Na ce bugawa ya yi. Ya ce ya sani, me ya sa ya buga? Na yi tsuru. Amsar da ta zo mini baki ita ce kwanansa ne ya ƙare, to da wane bakin zan faɗa wa Bajamushe haka?

Motar ta Japan ce, ta hannu, mai turbo (na'urar da ke hura wa inji iska don ƙara ƙarfi), ƙarfin doki kusan 300, irin wadda samarinmu za su yi ta juyi da ita ranar ɗaurin aure har a kwashi wani. Uwargida ta ce, "Maigida, wannan ai ba ta masu iyali ba ce." Ban ji ba. Kun san babbar hanyarsu, Autobahn, akwai wuraren da babu iyakar gudu, shawara kawai ake ba ka ta kilomita 130 a awa. A hanyar Bremen na taka ta son raina, sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, jar fitilar mai ta kama. Shi ke nan, sai motar janwe.

A nan ne halin gida ya tashi. Da na ji kuɗin da manyan gareji ke kira, sai na nemi namu. Akwai wani ɗan uwa, ba zan faɗi ƙasarsa ba, mai ɗan gareji a bayan wani sito. Ya ce, "Oga, kada ka ba wa Turawa kuɗinka, kawo inji in ɗora maka kwana uku." Muka samo na hannu mai lafiya, ya ɗora. Da ya ce ko za mu sake 'yar lagireton da ke sanyaya baƙin mai da bututun turbo, ni da bakina na ce bar su, ai lafiyarsu ƙalau, a watsa musu fetur a mayar. Birenbos ma, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tsohon muka mayar. Wata biyu ban cika ba, ƙwas-ƙwas ɗin ya dawo, wannan karon a cikin gari ma, ko gudu ba na yi.

Sai na kai ta wurin wanda suke kira Meister, wato babban bakanike mai takardar shaidar ƙwarewa. A nan ba ka wayi gari ka kafa rumfa ka ce kai bakanike ne. Shekara 3 da rabi yaro yake yi yana koyo, wasu ranaku a gareji wasu a makaranta, sannan in yana son garejin kansa ya sake zama wata jarabawar. Amma kafin in ga fuskar mutumin sai da na ci baƙar wahala. Na buga waya, aka ce in zo bayan mako uku. Mako uku! Motata a mace, ni ina bin jirgin ƙasa da sanyin asuba. Ranar Lahadi kuwa ko gobara ce ba mai buɗe maka ƙofa. Da na je aka miƙo mini takarda in sa hannu cewa zan biya kuɗin bincike ko an gyara ko ba a gyara ba. Na ce a rage mini wani abu, matar da ke kan tebur ta dube ni kamar na yi saɓo. Na nufi cikin gareji in ga abin da za a yi wa motata, aka nuna mini kujera da injin kofi. Wallahi a lokacin na tuna bencin garejinmu na gida a gindin dalbejiya, ga mai rake, ga mai shayi, kana zaune ana kwance injinka a gabanka kana sa baki, yaron gareji ya hau babur ya je Ƙofar Ruwa ya dawo kafin la'asar. Ko tsakar dare ka tsaya a hanyar Zariya, waya ɗaya bakanikenka zai zo da sifana a aljihu. Wannan kam Jamus ba ta da shi, ba kuma za ta samu ba.

Kwana biyu sai ga waya, Meister na son ganina. Shi da kansa ya shigar da ni. Ya jera kayan a kan tebur kamar mai shirin fiɗa. Ya yanka filtar mai da wani abu kamar mabuɗin gwangwani, ya warware takardar ciki, duk ninki ɗaya cike da ɓurɓushin ƙarfe, wasu farare wasu launin tagulla. Ya ce tagullar nan daga metal ta fito, wato 'yan ɓawon da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Tsakanin metal da karanshaf babu komai sai ɗan siririn mai da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma in inji na juyi 6,000 a minti, sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayar ƙarfe guda ta shiga wurin, ta fara karta, kartar ta haifi wasu ƙwayoyin, haka har inji ya ci kansa.

Daga nan ya ɗauko 'yar lagireton man da na ce a bari. Ya zuba mata ruwan wanki ya girgiza ya juye a farin faranti. Abin da ya fito ya isa a yi wa yaro kwalli. Ya ce garin injin farko ne ya maƙale a lungunanta, ramukan ƙanana ne, wanki ba ya fitar da shi duka, sai mai ya yi zafi ya riƙa kwasowa kaɗan-kaɗan yana kai wa sabon inji. Turbo ɗin ma, da ke juyi fiye da 100,000 a minti, ya sha rabonsa. Ya ce, "Wane ne ya ce a mayar da wannan?" Na ce bakanike ne. Allah Ya yafe mini.

Ni na ɗauka an gama, ashe rabin magana aka yi. Ya ce wannan ya bayyana mutuwar na biyu, saura na farko. Ya zura wata 'yar kyamara mai dogon wuya ta ramin fulogi, muka ga kan fistin a allo duk ya yi tabo kamar wanda ya yi ƙyanda. Ya jona kwamfuta ya karanto birenbos, sai ga shi wanda ya sayar mini da motar ya sa an taɓa lissafin cikinsa don turbo ya ƙara hura iska. Injin da aka yi wa haka sai fetur mai lamba 98. Ya ce wanne nake sha? Na ce 95, mai arha. Ya gyaɗa kai kawai. Fetur ɗin da lambarsa ta gaza, in matsi ya yi yawa, fashewa yake yi ba a kan ƙa'ida ba, ya daki fistin kamar guduma, dukan kuma a kan metal yake sauka. Ya ƙara da cewa wannan taɓin ba a rubuta shi a takardun mota ba, kuma a dokarsu hakan na iya soke izinin hawanta titi, inshora ma ta juya maka baya. Wato shekara guda ina yawo da laifi ban sani ba.

'Yan uwa, inji nawa muka sauke a gida ba mu tambayi komai ba? Mota ta yi zafi, a cire tamosta a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Fitila ta kama a dashbod, a liƙe ta da baƙin tef. Baƙin mai kuwa, duk wanda ke cikin galan ɗin da ya fi arha, ba ruwanmu da lambar da ke jikinsa, fetur kuma na bumburutu a jarka. In ya buga a ce "Beljiyam ɗin yanzu ba su da kyau", a sayo wani a ɗora a kan dattin na baya. Bakanikenmu ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, wanda zai sa sukundireba a kunne ya gaya maka wace silinda ce ke ciwo ai ba ƙaramin gwani ba ne. Mu masu motar ne ba ma yarda mu biya kuɗin tunani. In bai kwance komai ba, ko sisi ba za mu ba shi ba.

Meister ya ƙi ɗora inji na uku sai da na yarda da sabuwar lagireton mai, sababbin bututu, gyaran turbo, da mayar da birenbos yadda kamfani ya yi shi. Ya rubuta komai a takarda da garanti, ya ce bayan kilomita 1,000 in dawo a juye mai a aika kaɗan ɗakin gwaji a duba ko akwai ƙarfe. Kuɗin da na biya, uwargida har yau ba ta san adadinsu ba.

Mataccen injin yana nan a kan katako sai ga wani daga cikin masu loda kaya zuwa Kwatano ya zo yana taya shi. Na ce ai ya buga. Ya ce ba komai, a can za a gyara. Ban sayar ba, na bar wa masu gwangwan. A makon nan kuma ƙanena ya kira daga Kano, injin motarsa ya buga, yana neman in taimaka ya sayi wani. Na ce me ya kashe shi? Ya ce, "Haba Yaya, tsufa ne mana." Na ce kafin in turo ko kwabo, ya je ya sa a yanka filtar ya ɗauko mini hotonta.